Tambayoyi da amsoshi kan halin saurayin sarkin yaƙi mai mutunci a labaran takobi da doki

Ƙannena masu rubuta labaran yaƙi irin na zamanin takobi da mashi da aljanu, na nan cikin Damagaram da masu turo mini nasu daga Mirya da Magarya da Matamai, kusan duk wuri ɗaya kuke cijewa, wato yanda za a gina saurayin da aka danƙa ma runduna, ya zama mai mutunci, kuma mai karatu ya yarda cewa mutum ne mai jini a jika. Na tara tambayoyin da aka fi maimaita mini, ga amsoshin.

Yaya, wai yaro ɗan shekara 20 zai iya jan runduna kuwa, ko mu marubuta ne ke ƙari?

Zai iya, kuma an yi. Usama ɗan Zaidu bai wuce shekara 20 ba sanda Manzon Allah (SAW) ya naɗa shi kan rundunar da za ta nufi Sham a shekara ta 11 bayan hijira, kuma cikin rundunar akwai manyan sahabbai da suka haife shi. Muhammad bin Ƙasim yana da kaman 17 ya ja runduna zuwa Sindh wajen 711, Sultan Muhammad na Turkawa kuma yana da 21 ya ci Kustantiniyya a 1453. To batun shekaru ba matsala ba ne.

Abin da nake so ku ɗauka a labarin Usama shi ne an yi gunaguni. Mutane sun ce yaro ne, a canza shi. Sayyidina Abubakar ya ƙi, ya raka shi da ƙafa shi Usama yana kan dabba, sannan ya nemi izininsa ya bar mishi Sayyidina Umar a Madina. Halifa guda yana neman izini wajen yaro dan rundunar ta gani ta san wa ke riƙe da ita. In kuka ba saurayi tuta a labarinku kuma kowa ya tashi ya yi mubaya'a cikin murna, babu dattijon da ya kau da kai, babu wanda ya ce "wannan da aka yi kaciyarsa gabana", to kun zubar da rabin labarin tun shafin farko. Ku kuma gaya mana dalilin da ya sa shi aka ba. Ubansa ne ya faɗi a fage ya ɗauki tutar? Sarki ne ya tsallake manya sabida bai yarda da su ba? Kowane dalili da irin maƙiyan da yake haifa mishi cikin gida.

Wace sarauta ta dace in ba shi?

Kar ku ce janar ko komanda, dan Allah. Muna da namu. Kaura shi ne shugaban yaƙi a nan Damagaram da Katsina da Daura, Madawaki a Kano da Zazzau, Kaigama a Borno. Ƙasa da su akwai Barde, Jarmai, Ubandawaki, Sarkin Baka mai kula da maharba. In ƙasar da kuka ƙirƙira ce kuna iya haɗawa yanda kuka so, amma ni na fi son a fara shi da ƙaramar sarauta kaman Barde, ya hau a hankali, mu ga ranar da aka fara kaɗa mishi kuge.

Cikin duk halayen kirki wanne ne ginshiƙi?

Amana. Wasu za su ce jarumtaka, ni ban yarda ba, sabida ɗan fashi ma yana da ƙarfin zuciya, wanda ke tare ayari a hanyar Agadas ba matsoraci ba ne. Abin da ya raba sarkin yaƙi da shugaban ƴan fashi shi ne yanda yake kallon mutanen da ke bayansa. Kowane barde da ya hau doki ya bi shi, uwa ce ta haife shi, akwai mace da ke jiran sa, akwai gonar gero da za ta kwana babu mai noma in bai dawo ba. Saurayin da muke magana yana jin wannan nauyin a ƙirjinsa, har ya hana shi barci.

Amma kar ku rubuta "ya kasance mai riƙon amana" ku wuce. Ku nuna mana. An kai rijiya bayan tafiyar yini biyu, mu da muka tashi a garin nan mun san abin da ƙishirwa take, ba sai an yi mana bayani ba, to wa ya fara sha? Shi ya tsaya bakin rijiyar yana riƙe da linzami har dakaru masu tafiya a ƙasa suka sha, aka shayar da dawaki, sannan ya karɓi ƙwarya. Da dare yana zagaya sansani yana duba masu rauni, ya san sunan zaginsa da sunan garin da zagin ya fito. Bayan an tashi daga fage ba ya ce "mun yi asarar mutum kaɗan", yana sa a kira mishi su da sunaye, kuma in aka koma gida shi da ƙafarsa yake zuwa zaure-zaure yin gaisuwa, ba ya aika bafade. Akwai zauren da za a ƙi amsa mishi sallama. Ku bar wannan ya faru, ku bar shi ya tsaya a ƙofar ya haɗiye.

Ga kuma abin da na fi nanata ma kowa: mutuncin nan dole ya ci mishi wani abu. In kullum ya yi gaskiya sai gaskiyar ta kawo mishi nasara nan take, mai karatu zai ɗauka ciniki yake yi. Ya cika alkawari ya rasa gari. Ya ƙi kashe wanda ya miƙa wuya, mutumin ya dawo ya yaƙe shi baɗi. Ya ci gaba da halinsa duk da haka, yana sane da abin da ya biya.

Yana jin tsoro? Ni ina ganin jarumi ba ya tsoro.

Yana ji mana. Wanda ba ya jin tsoro sam bai kamata a ba shi ko mutum goma ba, zai kai su ya baro. Namu yana ji, bakinsa na bushewa da asuba kafin a buga tambari, hannunsa na rawa wajen ɗaura sirdi, sai dai ba ya bari tsoron ya yanke mishi shawara, kuma ba ya zuba shi kan ƙananan da ke kallon fuskarsa dan su san ko za su rayu.

Har da ja da baya yana cikin jarumtakarsa. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, musulmi 3000 suka haɗu da rundunar Rumawa da ta ninka su nesa ba kusa ba, shugabanni uku suka yi shahada ɗaya bayan ɗaya, Zaidu ɗan Harisa mahaifin Usaman nan, da Ja'afar, da Abdullahi ɗan Rawaha. Halidu ɗan Walidu ya ɗauki tuta, ya yi dabara ya janye rundunar ya kai ta gida. Da suka iso Madina wasu suka riƙa ce musu magudan yaƙi, Manzon Allah (SAW) ne ya wanke su. Ku duba nauyin nan, ka ceci mutanenka kuma a tarbe ka da gori. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma ragon ba ya jin abin da mata ke faɗa bakin rijiya, saurayi ɗan shekara 20 kuwa yana ji, kuma yana ƙona shi.

Bara in faɗi abin da ya sa wannan ya dame ni. Masu karanta labaranku samarin fada ne, wato majalisar hira ta unguwa, ana shan shayi ana miƙa portabul daga hannu zuwa hannu, wasu ma yaran da ke ɗaga ƙarfe ne a lungunan Kara-Kara da sauran unguwanni, masu ƙarfi da zuciya, waɗanda aka daɗe ana gaya musu cewa namiji shi ne wanda ba a taka shi ya ƙyale. Ina son su, ƙannenmu ne. Ina so su karanta labarin wanda ya fi su ƙarfi, yana da takobi a hannu da mutum dubu a baya, aka zage shi, ya mai da takobin kube sabida ran wasu na wuyansa.

Yaya zai yi da dattawan da ke ƙarƙashinsa?

Nan ne tarbiyyarsa ta Bahaushe ke fitowa. A zaure yana tuɓe takalmi, yana durƙusa ma tsohon Jarmai ya ce "Baba, ina kwana", ba ya kiran sunansa, ba ya katse shi. A fage kuma shi ke ba Baban umarni kuma dole a bi. Riƙe waɗannan biyun tare shi ne wahalar, kuma shi ne daɗin labarin.

Yana neman shawara da gaske, yana tambaya kafin ya yanke. A Badar ma sahabi Hubabu ɗan Munziri ne ya ba da shawarar a matsa kusa da rijiyoyi aka kuma karɓa. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, gaskiya ne, tsohon ya san wace fadama ce ke cin ƙafar doki, ya san in ƙura ta tashi haka to shanu ne aka koro dan a ruɗe su. Amma wata rana tsohon zai yi kuskure, ko ya kawo shawarar da babu imani cikinta, kaman a zuba mushe a rijiyar gari, kuma kunya da kara za su so su ɗaure ma yaron baki. Ranar da ya iya cewa "Baba, ka yi haƙuri, ba za a yi haka ba" muryarsa ƙasa-ƙasa, idonsa a ƙasa, kuma bai janye ba, ranar ce ya zama shugaba. In zai gyara ma dattijo ya ja shi gefe, kar ya kunyata shi gaban yara.

To ba shi da aibi kenan?

Yana da shi, kuma ku zaɓi aibin da ya fito daga ƙuruciyarsa. Gaggawa. Zafin zuciya in an taɓa sunan ubansa. Wanda na fi so shi ne son kirari, sabida maroƙi in ya saki murya ya jero kakanninka, algaita na tashi, jini na tafasa, yaro zai iya afka ma abin da hankali bai yarda ba dan kar kirarin ya zama ƙarya. Ku sa wannan ya jawo mutuwar wani da yake ƙauna, sau ɗaya, kuma kar ya ɗora ma kowa laifin. Ya tsaya gaban runduna ya ce ni ne. Daga nan duk sanda aka fara yi mishi kirari mai karatu zai ji gabansa na faɗuwa.

Aibin da ban yarda da shi ba shi ne na cin zali, a ce yana da mutunci amma yana dukan bara ko yana wulaƙanta mata. Wannan ya rushe ginin gaba ɗaya.

Ganima fa, yana ɗauka?

Yana ɗaukar rabonsa, babu laifi. In duniyar labarin ta musulmi ce to akwai ƙa'ida: a fitar da humusi, wato ɗaya cikin biyar, sauran huɗun a raba ma mayaƙa, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya mai doki na samun kaso uku, biyu na dokin ɗaya nasa, na ƙasa kaso ɗaya. Ɓoye wani abu kafin rabo babban zunubi ne ko da allura ce. To jaruminku shi ne wanda ke sa a zube komai a fili a raba ido na ganin ido, kuma in ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ne ya soke munduwa a aljihu, hukuncin da za a yi ma bare shi za a yi mishi. Kyauta kuma dole, shugaban yaƙi marowaci ba ya tara jama'a. Salahuddin Ayyubi da ya rasu a 1193 abin da aka samu a taskarsa bai isa ko hidimar jana'izarsa ba, duk ya bayar.

In ya ci gari, me zai yi da mutanen ciki? Kuma batun bayi, in saka ko in tsallake?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma a nan ake gane ko marubuci da gaske yake. Kafin a ci gari kowa mutumin kirki ne. Sai ƙofa ta karye, mayaƙa sun shiga da yunwa da fushin ƴan'uwansu da aka harbe daga kan ganuwa, babu mai hana su sai mutum ɗaya. Abin da ya yi cikin wannan sa'ar shi ne halinsa.

Yana da abin da zai dogara da shi. Wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi ma rundunoninsa sananniya ce: kar a ci amana, kar a yi gunduwa-gunduwa da gawa, kar a kashe yaro ko tsoho ko mace, kar a sare itacen da ke ba da ƴaƴa, kar a yanka dabba sai dan ci, masu ibada a wuraren ibadarsu a ƙyale su. Mu nan sai mu ƙara da rumbu da rijiya, dan wanda ya ƙone rumbunan gari bayan kaka ya kashe yaran garin ne, sai dai mutuwar za ta jira bazara. Saurayinku zai sa doki a ƙofar gidan da mata suka taru ya ce duk mai shiga sai ta kansa, kuma waɗanda yake tarewa nasa ne, jiya suka kare shi da garkuwarsu. Za su ji haushinsa. Wasu za su bar shi su koma wajen shugaban da ke sakin musu mara.

Sarkin da aka kayar kuma kar a ja shi a ƙasa. Ku tuna filin kokowa, in gwani na gaske ya kayar da abokin karawa yakan miƙa hannu ya ɗaga shi, kuma jama'a na ganin wannan fiye da kayen. A ba shi ruwa, a bar mishi rawaninsa, a binne matattunsa.

Bayi kuwa kar ku tsallake. Yaƙe-yaƙen ƙasar nan a ƙarni na 19 ana kama mutane a cikinsu, Damagaram ta kama, an kama nata, an kora wasu ta hamada har Tarabulus, wannan tarihinmu ne kuma ɓoye shi ba ya goge shi. Ko Salahuddin da ake yabo kan shigarsa Ƙudus a 1187 ba tare da kisan kiyashi ba, fansa ya sa, ya yafe ma da yawa, amma dubbai da suka kasa biya sun shiga bauta. To jaruminku yana cikin duniyar da kowa ke ganin abin daidai ne. Ba zai tashi ya yi jawabi irin na taron ƙungiyoyi ba, zai yi ƙarya a bakinsa. Amma zai iya ganin an raba uwa da ɗa wajen rabo abin ya tsaya mishi a wuya, ya ba da dokinsa ya haɗa su, ya ƴanta rabonsa, a yi mishi dariya, sarki ya ji ya ɓata rai sabida kuɗin dawaki daga nan suke fitowa. Ba zai iya gyara duniyar ba kuma ya sani. Ku bar shi da wannan ciwon, kar ku warkar mishi.

In sarki ya umarce shi da zalunci, ya bi ko ya yi tawaye?

Yawancinku tawaye kuke zaɓa dan ya fi zafi, nan da nan yaro ya juya runduna ya kama fada ya hau gado. Ni ina ganin wannan ya yi sauƙi da yawa, kuma yana sa a yi zargin dama gadon yake so. Mai mutunci ya ci gishirin sarki, ya yi rantsuwa, ba ya wasa da wannan. Zai je fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce "ranka ya daɗe, a tura ni ko'ina zan je, wannan kam ba zan iya ba", ya kwance takobi ya ajiye. Yana iya rasa sarauta, yana iya kwana a gidan yari. Halidu da Sayyidina Umar ya sauke shi daga shugabancin runduna bai ja daga ba, ya ci gaba da yaƙi ƙarƙashin Abu Ubaida. In har za a kai ga zare takobi kan sarki, to sai an toshe kowace hanya, sai dan kare wasu rayuka, kuma ya yi shi yana baƙin ciki.

Irin wannan ba za a mai da shi wawa ba, maƙiya su yi ta yaudararsa?

A'a. Yaƙi ɗan zamba ne, kuma yana yin zambar. Kwanton ɓauna, hura wuta da yawa a sansani dan a zaci suna da yawa, yin kaman an gudu a jawo maƙiyi cikin duwatsu irin namu na nan inda doki ba ya sakewa, aika ɗan leƙen asiri cikin fatake, duk halal ne a wajensa. Iyakar ita ce inda ya ba da kalmarsa. In ya ce ma mutum fito ba za a taɓa ka ba, to ba za a taɓa shi ba ko da shi ya kashe ubansa. Ba ya kashe manzo, ba ya sa dafi a abincin baƙo, ba ya rantsuwa da Alƙur'ani kan sulhu yana shirin hari. Kuma yana da wayon da zai san wa zai ba amana, yana karɓar garkuwa da shaidu, yana sa ido. Da shekaru suka tafi wannan kalmar tasa na zama makami, garuruwa na buɗe mishi ƙofa dan sun ji labarin bai taɓa saɓawa ba, amma kar ku yi saurin ba shi wannan ribar, ya sha asara tukun.

Layu da tsafi da aljanu fa, tunda labarin na almara ne?

Ku saka, su ne gishirin irin wannan labarin. Guru, kambu, maganin ƙarfe irin na ƴan tauri, layar zana, baduhu, dodon rijiya, aljanin kuka. Sharaɗi biyu kawai. Na farko kar ku mai da shi wanda ƙarfe ba ya ci kwata-kwata, dan in ba zai iya mutuwa ba to shigarsa gaba ba sadaukarwa ba ce, mutanensa ne kaɗai ke saka rai. Na biyu kowane asiri da farashinsa, kuma a nan halinsa ke fitowa: boka ya ce nasara tabbas amma sai an ba da jinin yaro, ko aljana ta ce zan ba ka garin amma ka ba ni wanda ya fara tarbarka. Ya ƙi, ya shiga yaƙin da addu'ar uwarsa da rubutun malaminsa, yana sane cewa abokin gaba ya karɓi abin da shi ya ƙi.

Kayan yaƙi fa? Zan iya sa bindiga?

In zamanin takobi kuke so ku bar bindiga. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke, to wannan zamanin ya isa. Zamanin Sarki Tanimun na Damagaram, 1851 zuwa 1884, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni, tuni akwai bindigogi har igwa ana ƙerawa a nan garin, kuma a yaƙin Tirmini, kusa da nan Damagaram, a 1899 an ga abin da bindigar Faransawa ta yi ma dawakin Sarki Amadu Kuran Daga. Wannan wani labarin ne daban, mai kyau, amma ba shi kuka tambaya ba.

Ku san kayan dai. Lifidi auduga ce aka cusa aka ɗinke, yana tare kibiya mai dafi, amma yana da nauyi da zafi, ba a tafiya mai nisa da shi sai an kusa fage ake sa ma doki, kuma wuta ce maganinsa. Ana fita yaƙi da rani bayan an kai amfani gida, hanya kuma rijiyoyi ne ke tsara ta. Shugaban da ya damu da mutanensa rabin tunaninsa na kan gero da harawa da ruwa, ku nuna shi yana lissafin buhuna da Sarkin Zango kafin ku nuna shi yana wasa takobi.

Soyayya?

Ku sa, saurayi ne. Sai dai da kunya irin tamu, kuma kar yarinyar ta zama ladan da ake ba shi a ƙarshe kaman doki. In ƴar sarkin da ya kayar ce, ya mai da ita gidan danginta da rakiya tukun, in za a yi magana a yi ta tana da ikon cewa a'a.

Mace za ta iya zama ita ce shugabar?

Ƙwarai. Sarauniya Amina ta Zazzau har yau ana kiran ganuwar wasu garuruwa da sunanta. Duk abin da na faɗa ya hau kanta, sai dai gunagunin dattawa zai ninka.

Yaya maganarsa take?

Kaɗan. Ba ya yi ma kansa kirari, wannan aikin maroƙa ne. Ba ya zagi, ba ya yawan rantsuwa, in ya ce gobe to gobe. Dogon jawabi kafin yaƙi irin na fim ku rage shi, mutum dubu a fili da iska da haniniyar dawaki babu mai jin sa, tambari da kakaki ne ke isar da umarni. Abin da zai faɗa ma na kusa da shi gajere ne, wa zai riƙe dama, wa zai riƙe hagu, inda za a haɗu in an watse, sai a yi fatiha. Yana da raha da tsaransa in an zauna cin tuwo, dan kar ku manta shekarunsa, wani lokacin ma yana kewar zama cikinsu kaman da, amma yanzu in ya iso sai hira ta tsaya.

A ƙarshen labari dole ya yi nasara, ko in kashe shi?

Duk wanda labarin ya kai ku. Ni dai abu biyu nake roƙo. In zai mutu kar ya zama dan kun rasa yanda za ku rufe ne, mutuwar ta fito daga wani zaɓi da ya yi da idonsa buɗe, kaman ya tsaya a mashigi da mutum kaɗan dan sauran su tsallake da masu rauni. In kuma zai rayu ya ci nasara, to a lissafa mishi abin da ya bari a hanya, abokin da ya mutu sabida gaggawarsa, dattijon da bai ƙara yi mishi magana ba, garin da ya rasa dan ya ƙi karya alkawari. Kuma ku rubuta babi ɗaya bayan yaƙin, na komawa gida da rabon ganima da gaisuwar mutuwa, yawancinku kuna tsayawa ne daidai inda aka sare kan mugu, alhali sai washegari ne ake zuwa gabansa da ƙarar wani bardensa da ya ƙwace akuyar wata tsohuwa a hanya, kuma barden shi ne wanda ya ɗauke shi daga fage sanda dokinsa ya faɗi.